Rimot nake sayarwa a Agege, ga abin da nake tambaya kafin in miƙa wa mutum yunibasal

Shagona ƙarami ne, a Agege yake ba nisa da layin dogo, rimot nake sayarwa da batir da wayar HDMI da su eriya, sai ɗan gyaran rimot ɗin idan ya kama. A 2012 na zo Legas wajen kawuna mai gyaran talabijin, shekara huɗu ina ƙarƙashinsa kafin ya sallame ni da tebur da kwali ɗaya na rimot. Yanzu Alhamdulillah akwai shago akwai yara biyu, kuma duk bayan sati biyu nakan yi sammako in tafi Alaba International can Ojo in yi sari, wanda ya san go-sulo ɗin hanyar Badagry ya san wuni guda ne ke tafiya.

Yawancin masu zuwa wajena magana ɗaya ce a bakinsu, malam a ba ni yunibasal, wato rimot ɗin da aka yi don ya yi aiki da na'urori iri-iri. Wani kwastoman yaro ne ya tsoma masa rimot a bokiti, wani kuma tibi tokumbo, wato na hannu daga waje, ya saya ba rimot, wani kuma rimot huɗu ne zube a kan tebur, na tibi da na dikodar GOtv ko DStv da na StarTimes da na hom tiyata, ya gaji da lalube yana so a haɗe masa su wuri ɗaya. Mutane sun ɗauka da an rubuta yunibasal a jikin kwali shikenan duk wani abu mai allo zai yi masa biyayya. Ba haka ba ne wallahi, kuma wannan rashin fahimtar ita ce ke haddasa yawancin rigimar da ake yi a bakin shagunan irin namu.

Yadda nake wa kwastoma bayani shi ne, wannan ɗan ƙwan da ke goshin rimot haske yake fitarwa wanda ido ba ya gani, infrared ake ce masa, yana ƙiftawa da sauri sosai, a yawancin rimot sau dubu 38 cikin daƙiƙa ɗaya. To kowane kamfani da yadda yake jera ƙiftawar nan tasa, kamar yare ne. Sony da nasa yaren, Philips da nasa da ake kira RC-5, kamfanoni da yawa na Asiya kuma suna bin tsarin NEC amma kowa da lambobinsa. Yunibasal ba komai ba ne illa rimot ɗin da aka cusa wa yaruka da yawa a ciki, kamar ɗan kasuwar Mile 12 da ke jin Hausa da Yarbanci da buroka har da ɗan Ibo. Amma ka kawo masa mai yaren da bai taɓa koya ba, tsayawa zai yi yana kallonsa.

Shi ya sa ba na miƙa kaya sai na tambaya. Wane kamfani ne tibin, kuma ka ɗauko min hoton takardar da ke manne a bayansa? Idan LG ne ko Samsung ko Hisense ko Sony kuma tibin kaɗai kake son sarrafawa, ba na ma ba ka mai lamba, akwai irin na kamfanin rimot na Huayu da makamantansa da aka yi wa kamfani ɗaya, na LG zai ɗauki kusan duk LG, batir kawai za ka saka ka danna. Su na fi sayarwa kuma su ne ba sa dawowa. Mai lamba kuwa sai wanda ke son haɗa na'ura biyu uku, a cikin kwalinsa akwai takarda da lambobi masu guda uku ko huɗu a gaban sunan kowane kamfani, ka danne botin ɗin SET har ɗan jan ƙwan ya kama, ka buga lambar, idan tibi ya mutu ko boliyom ya motsa to an dace. Matsalar ita ce wani lokacin lamba takan ɗauki fawa da boliyom amma menu ya ƙi, ko botin ɗin sauya HDMI ya ƙi, mutum ya tafi gida da murna sai daren kallon ƙwallo ya gano ba ya iya komawa kan dikoda. Don haka nake cewa a gwada kowane botin kafin a tsaya a kan lamba, kamfani ɗaya yakan sami lambobi goma a takardar, kada a tsaya a ta farko.

Wanda ni na fi so a raina shi ne mai koyo. Za ka haɗa goshinsa da goshin tsohon rimot, tazarar yatsa biyu, ka danna botin a tsohon shi kuma ya haddace. Ba ruwansa da sunan kamfani, ko dikodar Strong ce ko wata ƴar China da ba ta da suna zai kwafa. Sharaɗinsa ɗaya, sai tsohon rimot yana da rai. Idan naka ya ɓace ka ari na maƙwabci mai irin na'urarka na minti goma. Ni a shago ina da buhu guda na tsofaffin rimot orijinal da na tara shekara da shekaru saboda wannan aikin kawai, ba na sayar da su ko nawa aka taya.

Akwai wahalar da sai wanda ke cikin sana'ar ya san ta. Tibi da yawa a Legas sun taɓa zuwa wajen mai gyara, bod ɗin cikinsu, wato allon wutar da ke sarrafa tibin, ya ƙone saboda wutar NEPA an saka masu bod yunibasal. A waje sunan babban kamfani ne a rubuce amma a ciki wani abu ne daban, rimot ɗin kamfanin ba zai taɓa yi ba, na bod ɗin ne kawai zai yi. Haka tibin da ake buga wa suna mai kama da na manyan kamfanoni a sauya harafi ɗaya. Irin waɗannan ko hoton baya ba ya taimako, sai dai in tura yaro da rimot biyar shida ya je gidan ya gwada, ko a ɗauko tibin a keke.

Sai kuma sababbin kaya. Fire TV Stick, ɗan abin da ake soka wa tibi don kallo ta intanet, ba shi da idon karɓar infrared kwata-kwata, da bulutut yake aiki, duk yunibasal ɗin da ke shagona ba wanda zai motsa shi. Magic Remote na LG mai nuna kibiya a allo da na Samsung mai magana su ma da bulutut ake haɗa su, yunibasal zai kunna maka tibin ya sauya tasha amma kibiya da magana babu. Gara in faɗa tun a shago.

Wani Alhaji ya taɓa zuwa daga Ikeja yana son yunibasal mai tsada saboda tibi da sawunba, wato doguwar sifikar da ake haɗawa da tibi, na ce Alhaji da wayar HDMI aka haɗa su? Ya ce e. Na ce to ranka ya daɗe ka koma ka shiga setin, tunda Samsung ne ka nemi Anynet+ ka kunna, rimot ɗin tibin da kansa zai riƙa ƙara boliyom ɗin sawunba. A LG SimpLink suke kiransa, a Sony kuma Bravia Sync, duk abu ɗaya ne. Ranar ban sayar masa da komai ba, amma shi ne ya haɗa ni da wani mai otal da yanzu nake kai wa rimot dozin dozin.

Na taɓa ƙonewa sosai a sari. Wani dila ya ba ni kwali biyu da araha, a jiki an rubuta dubu a ɗaya, wai rimot ɗaya na ɗaukar na'ura dubu, na gwada guda uku suna aiki na kwaso. Ashe da ka cire batir sai ya manta lambar da aka saka masa. Cikin wata biyu suka fara dawowa, mutanen unguwa ne, da su nake sallah a masallaci ɗaya, na mayar wa kowa kuɗinsa, jarina ya girgiza. Tun daga lokacin a gaban dila nake saka lamba in cire batir in jira in mayar in gani. Ina kuma duba robar botin, idan ta yi laushi da yawa ko rubutun yana gogewa da farce ba na ɗauka.

Kuma ba duk rimot da aka kawo ne ya mutu ba. Buɗe kyamarar wayarka ka nuna mata goshin rimot ka danna, idan ka ga haske mai ruwan shuɗi-shuɗi yana ƙiftawa to da ransa, a iPhone kyamarar gaba ta fi nunawa. Sau da yawa batir ne mai araha ya yi ruwa ya ci ƙarfen, ga laimar Legas tana taya shi, ko maiƙo ya taru ƙarƙashin robar. In buɗe in goge da sifirit da auduga ya tashi. Masu wayar Redmi da yawa ma ba su san wayarsu tana da ɗan ƙwan infrared a sama ba, za ta yi musu aikin rimot kafin su sayi wani. Rimot ɗin AC kuma harkarsa daban, nasa yunibasal ɗin daban ne, kada a haɗa. Masu tambayar Harmony, yunibasal ɗin kamfanin Logitech, kamfanin ya daina ƙera shi tun 2021, abin da ya rage a kasuwa tsohon kaya ne ko tokumbo.

Jiya wata Hajiya ta zo neman wa mahaifinta, idonsa ya yi rauni, Arewa24 da tashar karatu kawai yake kallo amma kullum sai ya danna wani abu hoto ya ɓace. Na ce Hajiya mai botin hamsin ba na Baba ba ne. Na ɗauko mai koyo ƙarami mai manyan botin, na kwafa masa fawa da boliyom daga na tibi, sauya tasha daga na dikoda, sauran na bar su ba komai don ko ya danna ba abin da zai faru. Da la'asar ta turo saƙo wai Baba ya riƙe ya ƙi ba jikoki, tana son wani guda ɗaya ta aika wa gwaggonta a Funtuwa. Guda biyu suka rage min, na rubuta shi a lis ɗin Alaba na ranar Talata.