Dattijo Mai Shekara 74 Da Ya Hana Wembley Zama

Ziyarar kawuna ce ta kai ni Landan a ƙarshen watan Yulin 2024, ƙanin mahaifiyata da ke zaune can tun ina goye. Hanyar dai lafiya lau, in ban da wani jami'i a ƙasar da muka yada zango. Ya juya koren fasfona kamar ya tsinto shi a shara, ya yi ta jero mini tambayoyi ba tare da ya ɗago kai ba, da ya gama kuma ya wurgo mini shi kan kanta. Dattijuwar da ke bayana, wadda ta isa haihuwarsa, ita ma haka ya yi mata. Abin ya tsaya mini a rai har na sauka.

Kawu ne ya wanke mini wannan takaici. Tun a mota ya zaro wayarsa ya nuna mini tikiti biyu. Ya ce, "Ɗana, ranar Asabar za ka raka ni Wembley, Bruce Springsteen zai yi wasa." Na ce, "Kawu, ai ban san waƙarsa ko ɗaya ba." Ya ce in dai zo, ganin ido ya fi ji. Ashe tun wata da watanni ya saya, kuma duk yadda na yi ya faɗa mini kuɗin ya ƙi. Da na matsa sai ya ce baƙo ba ya tambayar kuɗin tuwo.

Ranar 27 ga wata muka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa tashar Wembley Park. Kana fitowa daga tashar za ka hango filin da wannan ƙaton baka na ƙarfe a samansa, ga doguwar hanya miƙe ɗauke da mutane har bakin ƙofa. Filin na cin mutum 90,000 ranar ƙwallo. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne shekarun jama'ar. Na zaci samari zan tarar, sai ga furfura ta ko'ina, wasu da sanda, wasu riƙe da hannun jikoki, da yawa sanye da tsofaffin riguna masu ɗauke da shekarar wasan da suka taɓa halarta. Ba ture-ture, ba mai cewa ka san ko ni waye. Kowa ya bi layi, aka duba jaka, aka ɗora waya kan na'ura, ƙofa ta buɗe. A gida da an tara rabin wannan taro, da sai an kira 'yan sanda da bulala, kuma manya ta ƙofar baya za su shige.

Tsada kuwa sai wanda ya gani. A lokacin fam ɗaya ya kai wajen naira 2,000, don haka komai na ɗauka a garin nan sai na buga lissafi a zuci in mayar da shi inda yake. Kuɗin burodi da ɗan nama a ciki zai ciyar da gida guda a Kano. Kawu ya ce in daina lissafin nan in ba so nake hawan jini ya kama ni ba. Giya ma ana shan ta sosai, wannan kam bai yi mini daɗi ba, amma in faɗi gaskiya babu wanda ya taka ni bai ba ni haƙuri ba.

Rana na sama aka fara, don a wannan lokaci sai wajen ƙarfe tara take faɗuwa. Makaɗan suka fito ɗaya bayan ɗaya, sun kusa ashirin in aka haɗa da masu busa da 'yan amshi. Da Springsteen ya fito, sai filin ya ɗauki wani gurnani mai tsawo da na ɗauka ihun kora ne. Na dubi Kawu a tsorace. Ya ce sunansa suke ja.

An haifi Springsteen a 1949 a jihar New Jersey ta Amurka, wato shekararsa 74 a lokacin. A 2023 ma ciwon gyambon ciki ya sa shi ɗage wasanni. Amma mutumin nan ya kwashe kusan awa uku yana waƙa babu hutun rabin lokaci. Waƙa na ƙarewa zai ƙirga ɗaya, biyu, uku, huɗu, mai ganga ya saki hannu, wata ta kama. Ya fito tsaf da riga da laktaye, kafin a yi nisa gumi ya jiƙa shi sharkaf. Yana sauka daga dandamali ya bi gaban mutane, suna taɓa jitarsa, yana kama hannuwansu. Mai gangar, Max Weinberg, shi ma ya haura saba'in, yana zaune ƙyam, idonsa kan ubangidansa, ko ƙiftawa ba ya so ya yi kada alama ta wuce shi. Irin kallon da mai kalangu ke yi wa Shata ke nan a tsofaffin faifan bidiyo. Sai dai a nan babu liƙi, babu wasa wani attajiri, babu tsayar da kiɗa don wani babba ya iso. Kowa ya biya a ƙofa, kuma mawaƙin yana aiki ne kamar mai bin kowa bashin da dole ya biya a daren.

Wurin da ya fi taɓa ni shi ne inda ya tsayar da kowa, ya rage shi da jitarsa. Ya ba da labarin abokinsa George Theiss, wanda ya ɗauke shi cikin ƙungiyarsu ta farko a 1965, yana ɗan shekara 15. Abokin ya rasu a 2018, kuma cikin yaran ƙungiyar nan shi kaɗai ya rage a duniya. Ban kama duk Turancinsa ba, yana da cin baki, amma dubban mutanen nan sun yi tsit. Na waiga na ga Kawu na share ido da bayan hannu. Can gaba kuma aka haska hoton Clarence Clemons a manyan allunan, mai busa ƙahon da ya rasu a 2011, wanda ɗan ɗan'uwansa Jake ke tsaye a gurbinsa yanzu, tare da na wani makaɗinsa Danny Federici da ya rasu a 2008. Ƙungiyar makaɗansa ta E Street ta fara tun 1972, kuma har yau ɗaya daga cikin na farkon yana nan tare da shi. Nan na tuna namu. Shata ya rasu a 1999, Ɗan Maraya Jos a 2015. Mutum nawa ne cikinmu zai iya kawo sunan 'yan amshi da makaɗan da suka yi shekaru a bayan manyan mawaƙanmu, balle ya san halin da iyalansu ke ciki? Wannan ya dame ni ƙwarai, kuma har yanzu yana damuna.

Wajen ƙarshe aka kunna fitilun filin gaba ɗaya, kowa na ganin kowa, tsofaffi na rawa ba kunya. Kawu da ke kukan gwiwa tun safe bai zauna ba.

A waje muka tarar da masu sayar da riguna sun shimfiɗa su a ƙasa. Na farko ya ce fam 20. Na yi masa irin ta Kantin Kwari, na taya rabi na juya zan tafi, ya kira ni. Kawu ya ce shekarunsa a garin nan bai san ana ciniki ba. Komawa tasha ta ɗau lokaci, ana tsayar da mu rukuni-rukuni har jirgi ya samu wuri, babu mai gunaguni. Sai da muka isa gida muka rama Magariba da Isha'i.

Sauran kwanakin mun leƙa fadar Buckingham, mun yi Juma'a a masallacin Regent's Park, na sayo wa yara tsaraba a Peckham inda Yarabanci ya fi Turanci yawa a wasu shagunan. Jirgin dawowa ya yi jinkiri, na iso Kano da daddare cikin ruwan sama.