Kifin da ya cinye mini hutu

Har yanzu ina jin haushin wani bidiyo da aka turo mini a WhatsApp, mai cewa rubutun Indiya da na Sin uwa ɗaya ta haife su. Lokacin an ɗora mini gabatar da maƙala kan tarihin rubutu a taron malamanmu, na ce shi ke nan, na samu abin burge jama'a.

Na sayi kwali na yanyanka. A gefe guda na zana alamomin hatiman Harappa da Mohenjo-daro na kwarin Indus, a ɗayan kuma waɗanda mutanen daular Shang ta Sin suka sassaƙa a ƙashin shanu da ƙoƙon kunkuru a Anyang, wajen 1250 kafin haihuwar Annabi Isa. Kifi ya dace da kifi, mutum ya dace da mutum. Hutun zango ya ƙare ina jera kwali.

Ƙanwata, malamar firamare, ita ta kashe mini jiki. Ta duba ta ce, "Yaya, ai ko 'yan ajina ka sa su zana kifi, haka za su zana." Ban ji daɗi ba, amma gaskiyarta. Rubutun Indus har yau ba wanda ya iya karanta shi, yawanci alama biyar ce ko kusa da haka a hatimi guda, kuma biranen sun durƙushe tun wajen 1900 kafin Miladiyya, ƙarnuka kafin ƙasusuwan Anyang. Da me za ka gwada abin da ba ka san sautinsa ba, ba ka san ma'anarsa ba? Mai bidiyon bai ko taɓo wannan ba.

Da na koma kan Brahmi, tsohon rubutun Indiya na ginshiƙan Sarki Ashoka da Bature James Prinsep ya warware a 1837, sai na ga aikinsa ma daban. Na Sin kowace alama gaɓa ce mai ma'anarta, dubbai ne. Brahmi kuwa baƙaƙe ne 'yan kaɗan, ana liƙa musu wasali. Abin da ya hana ni barci: Kharosthi, abokin zamaninsa da ake rubutawa daga dama, daga Aramiyanci, wani tsohon rubutun Samiyawa na Gabas ta Tsakiya, ya fito, kuma masani Bajamushe Georg Bühler ya ce Brahmi ma daga dangin rubutun Samiyawa yake, ko da yake masanan Indiya da dama ba su yarda ba. Baƙaƙen Larabci ma jikokin Aramiyanci ne. In Bühler ya dace, rubutun da ke jikin fastar fim ɗin Indiya, jikan Brahmi, ya fi kusa da ajaminmu a kan na Sin!

Alaƙa tsakanin ƙasashen biyu akwai ta, amma daga baya, ta hanyar addinin Buddha. Malamin addinin Buddha Xuanzang ya koma Sin daga Indiya a 645 da littattafai 657. Rubutun Siddham, wani reshen Brahmi, ya bi malamai har Japan, inda jerin haruffan Japananci a, i, u, e, o, ka, sa, ta, na ya bi tsarin Sanskrit, tsohon harshen Indiya. A 1269 Kublai Khan, sarkin Mongol, ya ƙaddamar da rubutun Phags-pa, mai tushen Indiya ta hanyar Tibet, har Sinanci aka rubuta da shi.

In za ka yi irin wannan aiki, fara tambayar shekaru da yadda rubutun ke aiki kafin ka taɓa almakashi. A taron, kan Siddham aka yi ta jefo mini tambayoyi, shi ne kuma na karanta a gurguje daren jajibirin.