Kwaɗon da na datse da hannuna

Asabar, bayan isha'i.

Yau na sha kunya a gaban ɗan cikina. Gara in rubuta tun da zafinta, kafin gobe in fara gyara labarin yadda zai fi yi mini daɗi.

An kawo wuta wajen ƙarfe 9 na safe, abin da ba mu saba gani ba ranar Asabar. Uwargida ta kwashi ƙananan sun tafi gidan suna, babban kuma yana Islamiyya sai azahar. Gida ya zama nawa ni kaɗai. Na ɗauko injin wasan Nintendo Switch ɗin da na saya na hannu shekara uku da suka wuce, wai don yara, na jona shi da talabijin. Duk wanda ya san ni ya san wanda aka saya wa.

Tun makon jiya na sabunta kuɗin shekara na Nintendo Switch Online, babban tsarin mai haɗe da wasannin Nintendo 64 da na Sega. Dala 50 ne ba sisi ɗaya, wato ya kama hanyar kuɗin buhun shinkafa, kuma har yanzu ban faɗa wa kowa a gidan nan ba. Da yake kantinsu na intanet ba ya aiki da adireshin Najeriya, asusuna na Amurka ne, da kati nake loda masa kuɗi. A takarda ni mazaunin wani gari ne da ban taɓa takawa ba, ko sunansa ban iya faɗa daidai ba.

Abin da nake biya wa kuɗin nan shi ne ƙuruciyata. Wasannin da muka buga a kaset, irin wanda sai ka hura masa iska kafin ya kama, su ne aka zuba a cikin sabon inji. Ba sake ƙera su aka yi ba. Wata manhaja ce da ake kira imuleta take sa sabon injin ya yi shigar tsohon, ya kwaikwayi yadda ƙwaƙwalwarsa take lissafi da yadda yake zana hoto da fitar da sauti, har wasan ya ɗauka yana gidansu na 1996. Kamar mai tafinta ne tsakanin tsoho da jikansa. Har da ƙarin gata: kana iya ajiye wasa a duk inda ka ga dama, a na Sega ma kana iya mayar da shi baya idan an kashe ka. Da muna da wannan a gidan gem ɗin unguwarmu, da mai shagon ya tsiyace, don da mutuwarmu yake cin abinci. Naira biyar, ka mutu ka miƙa hannu ga na bayanka.

Wanda nake nema yau Turok ne, wasan 1997 na maharbin da ke farautar manyan ƙadangarun zamanin da. A gidan wani maƙwabcinmu na fara ganinsa, babansu ya zo musu da injin daga Landan. Mu kusan goma muke cika ɗakin, hannu ɗaya tak, ni sau biyu kawai layi ya taɓa zuwa kaina. Na duba manhajar Nintendo 64 sama da ƙasa, babu shi. Ashe tun watan Yunin 2024 aka ware masa ɗaki daban shi da Perfect Dark, wata manhaja ta biyu mai tambarin 'yan shekara 17 zuwa sama. Dalilin ba boyayye ba ne. Kowace manhaja tambarin shekaru ɗaya take ɗauka, to in aka zuba mai jini a kwando ɗaya da Mario, ko dai kwandon duka ya haramta ga yara, ko mai jinin ya shige hannunsu. Sai aka raba kwando. A Japan ma tun ƙarshen 2023 suka yi irin wannan, nasu na 'yan 18 ne.

Na sauke ta, data ta tafi. Na haɗa shayi, na gyara zama, na danna.

Sai allo ya ce wannan wasa an taƙaita shi, in sa lambar sirri.

Na ɗan yi shiru. Can na tuna. Ranar da na kawo injin gida, cikin zumuɗin sabon uba mai tarbiyya, ni da kaina na shiga saitin kulawar iyaye, na taƙaita wasannin manya, na datse da lamba. Tun daga ranar ban sake bi ta kai ba, domin Mario Kart da wasan ƙwallo ba sa tambayar komai. Na gwada shekarar haihuwata. A'a. Lambar katin banki. A'a. Ƙarshen lambar wayata, ta uwargida, shekarar aurenmu, har 1234 don kada a ce ban gwada ba. Akwai manhajar waya da ke nuna wa uba lambar idan ya haɗa ta da injin, ni kuwa ban taɓa haɗawa ba. Akwai kuma hanyar neman babban mabuɗi daga kamfanin, sai dai a tsarin Amurka ana cirar rabin dala daga katin banki don a tabbatar babba ne ke nema. Rabin dala ba kuɗi ba ne, amma katin da zai yi wannan aikin ba ya aljihuna.

Haushi ya kama ni, irin haushin da babu wanda za ka sauke wa. Mutum da furfura ta fara leƙowa a gemunsa, wasan da ya buga yana ɗan firamare ya tsare shi a ƙofa yana tambayarsa shekaru. Wa ya taɓa tambayarmu? Mortal Kombat muke bugawa a Sega muna 'yan shekara tara, mai shago na gyangyaɗi. Har yau yatsuna sun haddace lambar da ke buɗe jini: A, B, A, C, A, B, B. Babu wanda ya koya mana ita a takarda, baki da baki ta zagaye unguwa kamar sirrin tsafi. Sai da na girma na san cewa wannan wasan yana cikin manyan waɗanda suka jawo duk tambarin nan. A 1993 ya shiga gidaje a Amurka, Nintendo ta mayar da jinin gumi a nata injin, Sega ta ɓoye shi a bayan waccan lambar, iyaye suka tayar da ƙura. A watan Disamba na shekarar sanatoci irin su Joe Lieberman suka kira kamfanonin gaban majalisa, aka ce ko ku tsara kanku ko a tsara ku. A 1994 aka kafa hukumar ESRB mai raba wasanni da haruffa, E na kowa, T na matasa, M na 17 zuwa sama. Turai ta zo da nata, PEGI, a 2003, mai lambobi 3, 7, 12, 16 da 18. Wato lokacin da muke tsalle muna ihun an cire wa mutum kai a wani lungu na Kano, can tuni an yi zaman majalisa a kanmu ba mu sani ba.

Na kira abokina da ke da Xbox don in huce. Dariya ya yi har da tari. Ya ce maganina ke nan, mai son bin ƙa'ida. Shi nasa injin ya sa shi a yanayin masu ƙirƙirar manhaja, ya ɗora wata imuleta mai suna RetroArch, ya zuba wasanni fiye da yadda zai iya bugawa har ya mutu, babu mai tambayarsa ko an yaye shi. Da can ma kai tsaye ake yi, sai a watan Afrilun 2023 Microsoft ta toshe imuleta a yanayin yau da kullum da injin ke zuwa da shi, aka koma ta waccan ƙofar. Na ce masa ni ba na son tara fayilolin da ban san halaccinsu ba. Ya ce to in je in sayo na halak ɗin in gani. A nan ya kama ni, don akwai binciken da wata gidauniyar tarihin wasannin bidiyo ta Amurka ta fitar a 2023, da ya nuna kashi 87 cikin 100 na tsofaffin wasannin da aka fitar a can ba a sayar da su yanzu ko kaɗan. Kantin 3DS da na Wii U an rufe su a Maris na shekarar, na Xbox 360 a Yulin 2024. Ba mu gama musun ba katina ya ƙare.

Bayan azahar yaron ya dawo, allo a hammata, ya same ni zaune gaban talabijin ina kallon wurin sa lamba kamar mai gadin kabari.

"Abba, me ya faru?"

"Ba komai. Je ka ci abinci."

Bai tafi ba. Ya tsaya yana murza gefen rigarsa, ya ce, "Abba, in buɗe maka?"

Na miƙa masa hannun don in ga iya gudun ruwansa. Bai ko yi tunani ba. Lamba huɗu, kwaɗo ya faɗi.

Shekarar haihuwarsa ce. Na gwada ta kowa a gidan nan ban da ta wanda aka yi kwaɗon dominsa. Na tambaye shi tun yaushe ya sani, ya ce tun ranar farko, yana bayana a tsaye. Injin yana da dabarar shigar da lamba ta hanyar karkata 'yar sandar hannu, don kada na gefe ya gane, ni kuwa na ga wahala na koma madannai na fili. Na ce to me ka buɗe da ita duk shekarun nan? Ya ce babu, ai duk wasannin da ke ciki suna buɗewa da kansu. Na dube shi sosai. Ina jin gaskiya ya faɗa. Ina jin.

Na ce ya je ya ci abinci, da gaske wannan karon. Na kunna Turok.

Kai, ƙwaƙwalwa maƙaryaciya ce. Dajin da nake tunawa mai faɗi da ban tsoro ashe hazo ne kawai, taku kaɗan a gabanka ba ka ganin komai, don tsohon injin ba ya iya zana nesa. Ƙadangarun duk kusurwa-kusurwa kamar an yanko su daga kwali. Jinin da aka ware wa ɗaki guda saboda shi bai kai wanda ake gani a mahauta da safe ba. Amma da na ji kukan nan nasu daga cikin hazon, wallahi sai da gabana ya faɗi kamar ina ɗakin maƙwabcinmu. Na faɗa rami sau shida a wurin tsalle ɗaya.

Yaron ya dawo da kwanonsa ya zauna a bakin ƙofa. Can ya ce ko zai gwada. Na buɗe baki in ce bismillah, sai na ji na ce a'a. Ni da na yini ina ƙorafin an tambaye ni shekaru. Ya ce, "Abba, kai ba ka ce kana aji huɗu ka buga ba?" Na ce lokacinmu daban. Ya ce abokansa duk suna buga God of War a wayar yayyensu da imuletar PPSSPP, a kasuwar waya ake tura musu, kuma ya fi wannan jini nesa ba kusa ba. Wannan ma gaskiya ne, na sha gani a hannun yaran layinmu. Ban da amsar da zan ba shi da ta wuce cewa waɗancan ba 'ya'yana ba ne. Ban gamsu da amsar ba, shi ma bai gamsu ba, amma a kanta muka tsaya.

Muka koma manhajar Sega, na sa mana Streets of Rage 2, hannu biyu. Dambe ne shi ma daga farko har ƙarshe, ana fasa wa mutane bututun ƙarfe a ka, sai dai wannan yana cikin kwandon da ba a ware ba, kuma lamirina bai ce uffan ba. Kada a tambaye ni hikimar. Ya cinye mini naman da ke ƙara rai sau uku, na yi masa faɗa irin wanda ake yi a gidan gem, ba irin na uba ba. Muna mataki na biyar aka ɗauke wuta, muka ƙarasa a ƙaramin allon injin, kai da kai, har la'asar ta kusa kuɓuce mana.

Uwargida ta dawo da magariba da ƙullin cincin, yaron ya tare ta tun daga zaure da labari. Ta yi dariya har ta zauna a kan tabarma. Da ta nutsu ta ce, "Abban yara, wai nawa ake biya ne a abin nan?" Na ce ana kiran salla.

Na sauya lambar ɗazu bayan sun kwanta, da 'yar sandar wannan karon, ƙofa a rufe. Na so in rubuta ta a nan don kada in sake mantawa, sai na tuna yaron ya iya karatu, kuma ya san lambar buɗe wayata.