Inda ƴan matan ke zuwa ƙarfe goma

Shekaruna na farko ina surbeyan, wato mai kula da tarbiyyar ɗalibai, a wani kolaji da ke gefen garin Damagaram, na ɗauka na san aikina ciki da bai. Kaye, littafin rubuta sunaye, na hannuna, jan biro na aljihu. Wanda ya makara in rubuta, wanda ya tsallake katanga in rubuta, in aika a kira uba. Abu guda ne ya riƙa ci mini tuwo a ƙwarya. Da an buga ƙarfen rekire, wato hutun tsakar karatu, ƙarfe goma, sai a koma aji a tarar ƴan matan katriyem da turwaziyem, wato aji uku da aji huɗu na kolaji, sun ragu. Wasu su dawo bayan rabin awa, wasu sai gobe. Wasu kuma kowane wata sai sun yi kwana uku ko huɗu ba a ga ƙeyarsu ba, in ka tambaya a ce ciwon kai.

Ni kuwa na riga na yanke hukunci a raina: ko kasuwar Dole suke zuwa yawo, ko akwai samarin da ke jiransu da babur a bayan lakwal. Na sa sun yi shara, na sa sun yi durƙuso a rana. Akwai wadda na kira mahaifinta, ya zo ya mare ta a gabana, ita kuma ko uffan ba ta ce ba. Har yau in na tuna wannan marin sai in ji kamar ni na yi shi.

Wata Talata na ce yau sai na ga ƙarshen abin. Na bar su suka fita su huɗu, na bi su daga nesa. Ba su nufi titi ba. Lungu suka shiga, suka faɗa wani gidan ƙasa mai ƙaramin zaure. Na tsaya na yi sallama da ƙarfi irin na wanda ya kama ɓarawo. Wata tsohuwa ta leƙo, da tasbaha a hannu.

"Inna, ina kwana. Ƴan lakwal ɗinmu nake nema, na ga sun shigo nan."

"Lafiya lau, Mushe. Suna ciki, layi suke. Ka ɗan jira su gama."

"Layin me, Inna?"

Ta dube ni sama da ƙasa. "Ɗana, kai da kake da makullin makewayinku na malamai a aljihu, ka taɓa leƙa wanda kuka gina musu?"

Ban taɓa ba. Shekara biyu ke nan ina wurin.

Ranar, bayan an tashi, na je na duba. Gini ne guda mai ƙofa huɗu a jere, wani furoje ya yi shi tun kafin zuwana. Biyu an rubuta maza da Faransanci, biyu an rubuta mata, har da ɗan zanen mutum mai siket don wanda bai iya karatu ba. A takarda dai lakwal ɗinmu na cikin masu makewayin maza daban na mata daban, kuma haka muke cikewa duk shekara in an aiko tambaya daga sama. Amma ƙofofin huɗu duka suna kallon gindin bishiyar dogon yaron da manyan samarin turwaziyem ke zama. Sakatun ciki babu ko ɗaya, an ɓalle su. Ƙyauren ɗaya ya tsaya kusan taƙi guda sama da ƙasa, ɗayan an huda shi da ƙusa daidai tsayin ido. Ruwa babu. Yarinyar da ke son kewayawa sai ta je wajen fanfo a bakin ofis, in ma yana zuwa, ta cika buta, ta ratso tsakar lakwal da ita a hannu a gaban mutum ɗari. Daga baya na ji har ƙirga mata minti suke yi daga gindin bishiyar, in ta fito a yi mata shewa. Kuma da yake na matan ba a cika shiga ba, ya fi tsabta, sai mazan suka mayar da shi nasu.

Na tambayi Baba mai gadi dalilin da ya sa aka kafa ginin a nan, tun da shi ya ga lokacin. Ya ce ai ba zaɓa aka yi ba. Wuri uku aka fara haƙa ana cin karo da fa, nan ne kawai ƙasa ta ba da hannu. Duk wanda ya san Damagaram ya san a kan dutse garin yake zaune, ga duwatsun nan a fili a Birni. Dutsen nan shi ke hana ramin salga zurfi, shi ne kuma ya sa ruwan sha sai an jawo shi daga nesa, daga Gogo da Macaya da Arunguza da Ganaram. Ƙarancin ruwa ma na cikin dalilan da ake bayarwa na ɗauke babban birnin ƙasa daga nan zuwa Yamai a 1926. Magini ya kiyaye abu guda da kyau, ya daidaita ramukan kudu da arewa don kada mai zama ya fuskanci alƙibla ko ya ba ta baya. Wannan ya tuna. Inda idon samari zai faɗa kuwa ba wanda ya sa shi a lissafi.

Na kai maganar gaban darakta, aka sa ta a taron kwamitin lakwal, inda iyaye maza da ƙungiyar uwaye da malamai ke zama tare. A nan ne wani matashin malamin lissafi, bai daɗe da fitowa daga jami'ar André Salifou ba, ya jefo abin da ya kusa tarwatsa taron. Ya ce ya karanta a waya cewa a Turai da Amurka gardamar da ake yi ita ce a cire rubutun maza da mata gaba ɗaya, a yi ɗakuna masu rufuwa ruf, kowa ya shiga wanda ya tarar ba kowa. Ya ce mu da muke da huɗu kacal, me zai hana a gyara su duka su zama na kowa, layi ya ragu. Wani dattijo ya yi a'uziyya ya fara neman takalmansa.

Shugabar uwaye ce ta zaunar da shi. Ta ce, "Alhaji, a gidanka makewayi nawa ne?" Ya ce ɗaya. Ta ce, "To wa da wa ke shiga?" Aka yi dariya, har shi.

Na daɗe ina juya wannan tambaya tata. Gaskiya ce, yawancin gidajenmu bayi ɗaya ne, na uba da uwa da ƴaƴa da baƙo. Amma dubi abin da ke tsare shi. Yana can ƙuryar gida, bakinsa a karkace yadda na tsakar gida ba ya hango na ciki. Mai zuwa sai ya yi gyaran murya, na ciki ya mayar. Wani gidan zane ake ratayawa a katanga, kowa ya san da mutum. Suruka ba ta ɗaukar buta a gaban surukinta, sai ta faki ido. Yaro ya ga yayarsa ta nufi can sai ya kau da kai, in bai kau ba uwarsa ta kau masa da shi. Duk wannan kunya ce ta mutanen da suka san juna, suke ci a ƙwarya ɗaya. A lakwal kuwa ɗaruruwan yara ne daga unguwanni daban daban, masu shekara 12 zuwa 18, a tsakiyar tashen balaga, cikin minti ƙalilan na rekire. Gyaran murya ba ya aiki a nan.

Don haka ban goyi bayan malamin lissafi ba, kuma har yanzu ina kan bakana. Amma da na zauna da shi muka bi abin a tsanake, na ga su ma can ba kara zube suke yi ba. A Ingila, dokar gine-ginen makarantu ta 2012 ta ce yara daga shekara 8 zuwa sama a raba musu na maza da na mata, sai fa idan ɗaki ne na mutum ɗaya mai kulluwa ta ciki. Wani ɓangare na gardamarsu kuma ya shafi yaran da ke cewa jinsin da aka haife su da shi ba shi ne nasu ba, abin da ya tayar da ƙura sosai a Amurka a 2016. Mu tamu matsalar ba ta kai can ba. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2009 don makarantun ƙasashe irin namu cewa ta yi rami ɗaya ga ƴan mata 25, rami ɗaya da wurin fitsari ga yara maza 50, kuma a raba. Ƴan matanmu a lokacin sun kai ɗari uku. Malamin lissafi ne da kansa ya buga, ya ce sha biyu ya kamata, muna da biyu, su ma maza sun ƙwace.

Kuɗin sabon gini babu. Aka yi karo-karo, wani ya ba da jikka, wani dala ɗari, wani mai sayar da bulo ya ba da saura. Muka toshe ƙofofin mata biyu ta gaba muka fasa su ta baya, muka ja katanga mai lanƙwasa, aka sa sakata ta ciki, aka ajiye tano, wato duron ruwa, da butoci a cikin shingen don kada kowa ya sake ratsa fili da buta. Mazan aka yi musu bangon fitsari can wani gefen. Na ji daɗin kaina ƙwarai, har ina kai baƙi su gani.

Wata biyu ba a yi ba ƴan matan suka koma gidan Inna.

Wannan karon ban ɗauki jan biro ba. Na roƙi wata madam mai koyar da ilimin halittu ta zauna da su, ni na ba su wuri. Abin da ta kawo mini ya kunyata ni. Mun ɓoye wurin har ya wuce kima. Bayan ginin ya zama lungu tsakaninsa da katangar lakwal, katangar kuma gajeriya ce, zauna-gari-banzan unguwa na iya leƙowa, kuma in yarinya ta yi ihu a can ba mai ji. Da can idanu sun yi yawa, yanzu babu ido ko ɗaya, kuma na biyun ya fi ba su tsoro. Gyaran da ya yi aiki a ƙarshe bai ci ko sisi ba. Muka roƙi matan da ke sayar da ƙosai da awara da ruwan sanyi a bakin ƙofa su dawo da tirensu kusa da bakin shingen. Duk mai shiga a gaban iyaye mata take shiga. Namiji kuwa ko ya doshi wurin sai ya ji, "Kai yaro, me ka ajiye a can?"

Akwai kuma bokitin da na sa aka ajiye mai murfi don zubar da audugar mata. Ko sau ɗaya ba a yi amfani da shi ba. Madam ta ce mini, "Mushe, wace uwa ce za ta yarda ƴarta ta bar ƙunzugunta inda hannun wani zai kai?" Tun suna ƙanana ake ja musu kunne cewa ana iya yi wa mace asiri da shi har ta rasa haihuwa. Ko ka yarda ko kada ka yarda, yarinyar ta yarda. Sai su jefa a rami, ramin da dutse bai bari ya yi zurfi ba, ya cika da wuri, mu nemi masu yasa. Masu amfani da tsumma kuma abin da suke so shi ne ruwa da sabulu da ƙusa a bango inda za a rataye hijabi. Ƙusar nan ta dala biyu ban taɓa tunaninta ba. Gwamnati ta sa hannu kan dokar kare karatun ƴaƴa mata a Disamban 2017, mun yi ta karanta ta a taruka, amma a lakwal ɗinmu kwana uku uku na kowane wata ta wannan ƙofa suke zubewa.

Ɓangaren maza ma ban tsira ba. Ƙananan ƴan sizyem, wato aji ɗaya, ashe tsoron nasu suke ji, don can manya ke laɓewa su sha taba, su ƙwace musu kuɗin ƙosai. Su bayan aji suke zagayawa, shi ya sa bangon ke zarni. Wannan sai da na riƙa tsayawa da kaina a wurin lokacin rekire.

Makewayi na kowa da kowa kuwa, a ƙarshe mun yi guda ɗaya ba tare da mun sa masa suna ba. Akwai wani yaro da shan inna ta taɓa, da hannu yake tafiya in ya sauka daga kekensa. Ramin ɗalibai yana da matakala biyu, ƙasansa kuma ba wurin da mutum zai dafa da tafin hannu ba ne. Yaron nan tun safe ba ya shan ruwa, a zafin Damagaram, don kada ya matsu. Muka fasa dakalin namu na malamai muka yi masa gangara, aka yanka masa makulli. Daga baya wata yarinya mai sanda ta samu nata, sai wata malama mai juna biyu da ba ta iya dogon tsugunno. Ɗaki ɗaya, ƙofa har ƙasa, sakata ta ciki, mace ta shiga namiji ya shiga, ba wanda ya taɓa ɗaga gira. Malamin lissafi ya zo ya tsaya a gabansa yana murmushi, na yi kamar ban gan shi ba.

Abin da ya gagare mu har na bar wurin shi ne tano. Daga Maris zuwa Mayu fanfo na iya kwanaki bai ɗiga ba, ƴan garuwa su tsawwala kuɗin bido, asusun kwamiti ya ƙare. Ranar da tano ya bushe, kafin sha ɗaya kujerun katriyem sun yi giɓi. Na kan rufe kayen in zagaya lungu in gaishe da Inna, in tarar da su a layi a tsakar gidanta, ruwan randarta ya kusa ƙarewa. Sai in kira mai garuwa in biya bido huɗu daga aljihuna, biyu a zuba mata, biyu a kai tano.