Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Ni da Agogon SAT

A makon jiya na tsaya a inda Baba ya amince in nemi jami'a a Amurka, bisa sharaɗin sai an samu tallafin karatu, domin kuɗin makarantun can ya fi ƙarfin albashinsa nesa ba kusa ba. Wannan sharaɗin ne ya jefa ni cikin hidimar jarrabawa a shekarar 2023.

Ɗan Goggona da ke karatun digiri na biyu a can, shi ya fara warware mini zaren ta waya. Ya ce, "Ƙanwata, jarrabawa biyu ce a gabanki, kada ki cakuɗa su. Ɗaya za ta nuna kina jin Turanci, ɗayar kuma za ta nuna abin da za ki iya yi da shi." Ta farkon ita ce TOEFL ta hukumar ETS, wadda a lokacin makinta 120 ne, an raba shi 30-30 tsakanin karatu da sauraro da magana da rubutu, kuma sakamakonta shekara biyu yake yi ya daina aiki. Wasu makarantun suna karɓar IELTS ko jarrabawar Duolingo a madadinta. Ta biyun ita ce SAT ta hukumar College Board, mai maki daga 400 zuwa 1600.

Da Baba ya ji cewa tun annobar korona a 2020 jami'o'i da yawa sun daina wajabta SAT, sai ya karɓi wayar. "To kai, in ba dole ba ce, me zai sa mu ɓarnatar da daloli?" Yaya ya ce, "Kawu, Allah ya ƙara girma, mutumin da zai duba takardunta bai taɓa jin sunan makarantarta ba, bai san nauyin makin da malamanta suka ba ta ba. Amma makin SAT ya san shi, ba sai an yi masa bayani ba." Ya ƙara da cewa jami'ar MIT ta riga ta dawo da wajabcin tun 2022. Har yau ina ganin wannan ce shawara mafi amfani da aka taɓa ba ni a harkar, kuma a 2024 Dartmouth da Yale da Harvard duk suka bi sahu.

Mu ɗaliban ƙasashen waje da mu aka fara SAT ta kwamfuta a watan Maris na 2023, shekara guda kafin ta isa ga 'yan Amurka kansu. Saboda haka tsofaffin littattafan da aka ara mini, na zamanin takarda da fensir, ba su dace da sabon tsarin ba. Na sauke manhajar Bluebook, wadda da ita ake rubuta jarrabawar, na kuma kama darussan Khan Academy na kyauta.

Tsarin ya girgiza ni. Awa 2 da minti 14, tambayoyi 98. Sashen karatu da rubutu yana da zango biyu, kowanne tambaya 27 cikin minti 32. Lissafi ma zango biyu, tambaya 22 cikin minti 35. Abin da ya fi muhimmanci shi ne, yadda ka yi a zangon farko shi ke yanke irin zango na biyu da za a ba ka. Idan ka yi ƙoƙari, a turo maka mai wuya, wanda ta nan ake kaiwa ga babban maki. Idan ka yi sanyi, a ba ka mai sauƙi, ko ka cinye shi duka akwai iyakar da makinka ba zai wuce ba. Wato babu zancen bari in ɗumama hannu tukuna.

Ranar da na yi gwajin farko, agogon yana saman allon kwamfutar yana cin daƙiƙoƙi a idona. Kowace tambaya da ɗan guntun nassinta: wannan baitocin waƙa ne na ƙarni na 19, na gaba bayanin binciken kimiyya da jadawali, na gaba tarihi. Minti ɗaya da 'yan daƙiƙoƙi kawai kowacce take da shi. Ni da nake ta ɗaya a ajinmu a darasin Turanci, sai ga lokaci ya ƙare da sauran tambayoyi ban ko karanta ba. Amsoshin na san su. Saurin karatun ne babu, domin a makaranta an koya mana mu karanta a tsanake, mu maimaita, mu haddace.

Malamarmu ta Turanci ce ta lura cewa tambayoyin nahawu da alamomin rubutu, irin su waƙafi da waƙafi mai ruwa da ruwa biyu, suna zuwa ne a rabin ƙarshe na kowane zango, kuma su ne masu saurin amsawa ga wanda ya san ƙa'ida. Ta ce, "'Yata, fara da su ki tara makinki, sannan ki dawo kan dogayen. Kuma kada ki bar gurbi ko ɗaya, ba a rage maki don kuskure." Ta kuma ɗora mini karatun muƙala ɗaya ta kimiyya ko tarihi kowace safiya, in rufe, in faɗi manufar marubucin a jimla guda. Wannan aikin na ƙarshe ya fi komai gajiyar da ni, shi ne kuma ya fi komai sauya makina.

Lissafi bai wahalar da ni sosai ba, sai dai tambayoyin suna zuwa da mil da inci da galan, ma'aunan da ban saba da su ba. Akwai kuma na'urar lissafi ta Desmos a cikin manhajar, wadda za ka rubuta mata lissafi biyu ta zana maka inda layukansu suka haɗu. Wanda bai koye ta ba yana asarar mintuna a banza.

TOEFL kuwa, sashen magana ne ya sha kaina: a tsarin lokacin, daƙiƙa 15 ka shirya, 45 ka yi magana da kwamfuta. Ina kulle a ɗaki ina ta surutu ni kaɗai, sai in jiyo Umma a tsakar gida tana cewa ƙannena, "Ku rage murya, Yayarku tana jarrabawa." Ta ɗauki kowane gwaji tamkar na gaske, ni ma sai na koma ɗaukarsa haka.

Baba shi ya riƙe lissafin kalanda. Neman gurbi na wuri yawanci 1 ga Nuwamba yake rufewa, na gama-gari kuma farkon Janairu, sakamakon SAT yana ɗaukar kamar mako biyu, ga kujerun cibiyoyin jarrabawa a wajen Amurka suna saurin cika. Ya ce ba a fafe gora ranar tafiya, ya sa aka fara yi mini fasfo kafin rajista, domin dole sunan da ke kan rajistar ya yi daidai da na shaidar da za a nuna a ƙofa. Muka zaɓi zaman watan Agusta, muka bar na Oktoba a matsayin dama ta biyu, tunda jami'o'i da yawa suna haɗa mafi kyawun makin kowane sashe daga zama daban-daban.

Ana saura 'yan kwanaki na kammala saitin Bluebook, takardar shiga ta fito, Baba ya sa aka buga ta kwafi biyu. Mako mai zuwa in sha Allahu zan ba ku labarin ranar jarrabawar kanta, da abin da na gani lokacin da zango na biyu na lissafi ya buɗe.