Sili Ɗaya Aka Zare, Tsintsiyar Ta Watse

Shagona yana Samaru, kuma shekara goma sha ɗaya ke nan ina gyaran kwamfuta. Mu uku ne, ni da yara biyu da ke koyon aiki a hannuna. Yawancin masu zuwa wurinmu ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello ne, na nan Samaru da na Kongo, sai masu shagunan buga takardu, sai makarantun kuɗi. Canjin allo, batir, bakin caja da ya saki, madannai da shayi ya zube musu, da su muke cin abincin yau da gobe. Amma aikin da aka fi sanina da shi shi ne tayar da tsofaffin kwamfutoci 'yan Beljiyam da Linux, wato tsarin da ke tafiyar da kwamfuta a madadin Windows.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Microsoft ta daina kula da Windows 7 ranar 14 ga Janairu 2020, Windows 10 ma ya bi sahu ranar 14 ga Oktoba 2025, shi kuwa Windows 11 yana neman wani ɗan guntun tsaro, TPM 2.0, wanda yawancin na'urorin da ke hannun mutanenmu ba su da shi. Kwamfuta lafiyarta ƙalau, a ce a jefar? Sai in ɗora mata wani nau'in Linux, Debian ko Linux Mint, ta ƙara shekaru tana aiki.

Akwai wata makaranta a wajen Hanwa da na haɗa wa ɗakin kwamfuta, na'urori goma sha takwas. Tun da JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta a 2015, iyaye suka fara tambayar ko yara suna taɓa madannai kafin ranar. Debian na sa musu. Don tsimin data, tushen kawai na fara girkawa, sannan na kira GNOME, wato fuskar da yaro ke gani ya danna, da suna ɗaya tak, aka sauko da komai. Na gama guda ɗaya, na kwafe ta a kan sauran da Clonezilla, manhajar kwafe faifai.

Bayan wata biyu Hajiya mai makarantar ta kira ni.

"Malam, yaran nan fa ba buga rubutu suke koyo ba. Da malami ya juya baya sai wasan kati. A cire mini wasannin nan."

Na ce an gama, ranki ya daɗe. Aikin minti goma ne a ganina, sai na tura babban yarona. Bayan azahar ya kira ni, muryarsa na rawa: "Oga, na kashe ɗaya na kunna, baƙin allo kawai take nunawa, da ɗan rubutu a sama." Na ce guda nawa ka taɓa? Ya ce bakwai. Na ce kada ka ƙara taɓa komai, ga ni nan. Na rufe shago na tari mai mashin.

A Linux ba a kawo manhaja dunƙule guda. Ƙunshi-ƙunshi take zuwa, kowane ƙunshi ɗauke da jerin waɗanda yake dogaro da su, kuma a Debian apt, wato mai girka ƙunsai da cire su, shi ne mai kula da wannan lissafi. Dogaron ma hawa-hawa ne. Akwai wanda suke rubuta wa Depends, shi wajibi ne, in babu shi ƙunshin ba zai zauna ba. Akwai Recommends, ni nakan ce wa yarana mustahabbi: ana kawo shi tare, amma in ka cire shi ba abin da zai rushe. Sai kuma wani irin ƙunshi da babu manhaja ko ɗaya a cikinsa, nauyinsa bai wuce 'yan kilobait ba, jerin sunaye ne zalla. Wanda na kira da suna gnome irinsa ne. Hausawa sun ce tsintsiya maɗaurinki ɗaya, to shi ne maɗaurin. Ba ya shara, amma shi ya riƙe silin duka.

Bayan haka apt yana da rajista. Duk ƙunshin da ka kira da sunansa, yakan rubuta cewa mai gida ne ya gayyato shi. Wanda ya biyo wani kuwa, ɗan rakiya ne. A na'urorin nan, ta ɓangaren fuska, suna ɗaya kaɗai na gayyata, maɗaurin. Mai buɗe fayil, mai rubutu, allon shiga, mai haɗa intanet, duk a rajista 'yan rakiyarsa ne.

Yaron ya ce a cire wasannin. Su kuma a bugun da na girka suna cikin wajiban maɗaurin, don haka apt ya ce in za su tafi, sai maɗaurin ya bi su. Layi ɗaya ne a cikin rubutu mai yawa, ya amsa da e. Har nan ba a yi ɓarna ba, komai na aiki. Sai apt ya jero sunaye ɗaruruwa, ya ce waɗannan rakiya suka zo, yanzu ba a buƙatarsu, a yi amfani da autoremove a share su. Ni na koya masa cewa bayan cire abu a bi da autoremove don faifai ya samu sarari. Kuma ya sha ganina ina ƙara -y a ƙarshen umarni, harafin da ke amsa e tun kafin a tambaya. Ya haɗa biyun. Allon da ke gabansa bai mutu nan take ba, domin abin da ke gudana yana cikin ƙwaƙwalwar na'ura, shi ya sa ya yi ta wucewa daga wannan tebur zuwa wancan har bakwai.

Ban yi masa faɗa ba, kuma har yau ban ga laifinsa ba. Abin da na koya masa ya yi. Inda nake da ƙorafi shi ne wannan kalma ta "ba a buƙata". Mai karatu zai ɗauka na'ura ta duba ta ga tarkace ne. Alhali abin da take nufi shi ne babu wani suna a rajista da ke neman su. Ba ta san akwai yara arba'in da za su shigo gobe da safe suna neman inda za su danna ba. Buƙatar rajista daban, buƙatar mutum daban, kuma saƙon bai bambance su ba.

Gyaran ya ci mu har bayan isha'i. Abin da ya fi ba mu wuya shi ne NetworkManager, mai haɗa intanet, ya tafi tare da sauran, wato na'urar da ke buƙatar sauko da kaya ba ta da hanyar shiga intanet. Sake kwafe su daga lafiyayyun zai fi sauri, amma zai shafe ayyukan da ɗalibai suka ajiye, waɗanda autoremove bai taɓa ba. Allah Ya taimake mu da abu biyu. Na farko, apt yana rubuta duk abin da ya yi a /var/log/apt/history.log, da ranar da sa'ar da sunan kowane ƙunshi, don haka ba mu yi lalube ba. Na biyu, ina da wata tsohuwar laftof a shago da na sa wa apt-cacher-ng, tana ajiye kwafin duk ƙunshin da muka taɓa saukowa, don kada mu sayi data sau biyu a kan abu ɗaya. Ƙaramin yaron ya kawo ta, muka ja waya, muka ba kowace na'ura adireshi da hannu a baƙin allo, muka mayar da kayan. An ɗauke wuta a tsakiyar ta huɗu, Hajiya ta sa aka tayar da janareto. Ban karɓi ko sisi ba, man ma na ce a cire a kuɗin aikina na gaba. Ta ce, "Malam, tunda ka zo da kanka ka tsaya, magana ta wuce." Har yanzu ni ke duba musu ɗakin.

Wasannin kuwa, a ƙarshe ban ma cire su ba. Kowace manhaja tana da ɗan fayil da ke sa ta bayyana a jerin da yaro ke gani. Layi ɗaya na ƙara, NoDisplay=true, suka ɓace daga idon yara, maɗaurin yana nan daram. Da sai an cire ɗin ne, hanyar ita ce a fara bin duk abin da ake so ya zauna da apt-mark manual, a mayar da 'yan rakiya gayyatattu, sannan a kwance maɗaurin.

Ba kowane Linux ne ke da wannan kaifin ba. Ubuntu sun sa yawancin manhajojin yau da kullum, irin su LibreOffice da wasanni, a matsayin mustahabbi a cikin ubuntu-desktop, don haka cire su ba ya jan maɗaurin. Duk da haka in ka taɓa wajibi zai tafi, kuma su da kansu sun rubuta a bayaninsa cewa gara a bar shi, domin da shi ake daidaita ɗaukaka zuwa sabon bugu. Na ga wannan da idona: laftof ta yi shekara tana aiki babu maɗauri, ranar ɗaukakawa ta fito da giɓi.

Ɗaliban kimiyyar kwamfuta su ke kawo mini Arch da Fedora, wasu nau'o'in Linux. A Arch akwai rukuni wanda ba ƙunshi ba ne sam, lakabi ne kawai aka manna wa ƙunsai da yawa. Can matsalar ta juyo ne: ka ce pacman, wato apt ɗinsu, ya cire rukunin, sai ya ƙi, domin wata manhaja da ke waje tana dogaro da ɗaya daga ciki. Ɗalibi ya ƙosa, ya ƙara harafin c, wanda ke cewa a tafi da duk mai dogaro da shi ma, sai gobara ta tsallaka gidan maƙwabci. Fedora na fi jin daɗin gyarawa, saboda umarninsu na dnf history undo yakan mayar da hannun agogo baya, in dai ƙunsan suna nan a rumbunsu.

Kada wani ya ce rashin ilimin yaranmu ne. A 2021 Linus Sebastian, mai tashar fasaha a YouTube da miliyoyin mabiya, ya je girka Steam, manhajar wasanni, a kan wani Linux mai suna Pop!_OS, apt ya gargaɗe shi cewa zai cire muhimman ƙunsai, ya rubuta jimlar amincewa ba tare da ya karanta ba, fuskar kwamfutarsa ta tafi a gaban kyamara. Bayan nan aka gyara apt ya daina karɓar wannan jimla.

Tun daga ranar Hanwa na canza tsarin shago. An daina -y, ni ma na daina. Kafin a cire komai sai an fara gwaji da apt-get -s, wanda ke nuna abin da zai faru ba tare da ya taɓa komai ba, kuma yaro zai karanta mini jerin da babbar murya, ko ta waya ce. In aikin makaranta ne ko ofis, na daina kiran babban maɗauri. Ƙaramin nake ɗauka, gnome-core ko xfce4, sannan in kira kowace manhaja da sunanta. Yana ƙara mini kusan rabin sa'a a na'urar farko, kuma ba wanda ke biyan kuɗin wannan rabin sa'ar, domin ba a ganinsa. Kafin na'ura ta bar shago mukan fitar da jerin gayyatattunta da apt-mark showmanual, mu ajiye da lambar rasit.

Makon jiya ƙaramin yaron ya je wani shagon buga takardu a Sabon Gari. Ɗan mai shagon yana koyon rubuta manhaja, yana son a cire python3 ɗin da ya zo da Mint a sa masa sabo. Yaron ya yi gwajin, ya kira ni, ya fara karanto sunaye. Da ya kai kan mai kula da firinta sai ya tsaya da kansa.

"Oga, wannan ai da shi suke cin abinci."

Na ce to me ka gani? Ya ce zai bar na gidan a inda yake, ya girka masa sabon a gefe, cikin jakarsa shi kaɗai. Na ce yi hakan, in ka gama ka biya ta PZ ka karɓo mana batir ɗin da muka yi oda.