Na'urar awon ƙarfe da albashin mai tsara mata aiki

A ƙaramin wurinmu na sassaƙar ƙarfe da ke Yamai, sanduna da haƙoran giya muke ƙera wa masu manyan motoci da masu injin niƙa, kuma har yau da ma'aunin hannu muke tantance kowane aiki. Duk da haka, matasan da ke koyon sana'a a hannunmu sun fara tambayata game da na'urar awo mai kwamfuta da ake kira CMM, da abin da mai tsara mata aiki yake samu.

Na'urar tana da ɗan tsinke mai kan jan dutse, wanda ke taɓa jikin ƙarfe wuri-wuri yana aika wa kwamfuta awon da ya kai ƙanƙantar mikron, wato kashi ɗaya cikin 1,000 na milimita. David McMurtry ne ya ƙirƙiro irin wannan tsinke a Ingila a 1972 domin auna sassan injin jirgin saman Concorde. Ƙa'ida ita ce a yi awo a ɗaki mai maki 20 na zafi, saboda ƙarfe yana buɗewa idan ya ji zafi. Wanda ya san watan Afrilu a Yamai, da ƙurar hunturu da ɗaukewar wuta, ya san tsadar riƙe irin wannan ɗaki.

Albashi kuwa hawa-hawa ne. Wanda ke ɗora ƙarfe ya danna maɓalli shi ne a ƙasa. Wanda ke rubuta tsarin awon da manhajar PC-DMIS ko Calypso ta kamfanin Zeiss ya fi shi daraja nesa ba kusa ba, domin kuskurensa guda na iya sa a watsar da kaya masu kyau ko a tura wa mai saye gurɓatattu. Daga nan ne ake zama shugaban sashen duba inganci. A ganina, karanta zanen injiniya ake biya wa kuɗi, musamman alamomin da ke nuna iyakar saɓanin da aka yarda da shi, domin manhaja a 'yan watanni ake koyonta.

Guraben aikin sun fi yawa inda ake haɗa motoci da sassan jiragen sama, kamar Tanja da Kasablanka a Maroko. Shi ya sa nake ce wa mai wannan buri, ko daga EMIG, makarantar koyon aikin injiniya da ke Yamai, ya fito, ya fara ƙwarewa a zane da ma'aunin hannu kafin ya nemi horo a waje.